Kwamfuta a Aji: Me Gwaji Ya Nuna?

A shekarar 2007 aka kai wasu 'yan ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Shirin ƙungiyar One Laptop per Child ne, wadda Nicholas Negroponte ya kafa a Amurka, bisa tunanin cewa muddin aka danƙa wa kowane yaro kwamfutarsa, zai koya wa kansa abin da makaranta ta gaza koya masa. Shirin bai yi nisa a Najeriya ba. Wadda ta karɓe shi hannu bibbiyu ita ce ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka, inda gwamnati ta raba wa ɗalibai dubban ɗaruruwan irin waɗannan kwamfutoci.

Abin yabo ga Peru shi ne ta yarda a auna. Masu bincike suka ɗauki makarantun karkara 319, aka jefa ƙuri'a, wasu suka samu kwamfuta, wasu aka bar su yadda suke. Bayan wata 15 aka yi wa yaran jarrabawa. Waɗanda suka samu kwamfuta sun ƙware wajen sarrafa ta, sun kuma ɗan yi gaba a gwajin kaifin basira. Amma a lissafi da karatu, waɗanda dominsu ake tura yaro makaranta, ba a ga bambanci tsakaninsu da sauran ba.

Ƙuri'ar nan ita ce ginshiƙin binciken. Da a ce makarantun cikin gari aka bai wa kwamfuta, sannan aka kwatanta su da na ƙauye, babu mai iya rantsewa ko na'urar ce ta kawo bambanci ko kuwa dama yaran birni sun fi samun malamai da abinci da iyaye masu karatu. Ƙuri'a ba ta san ɗan wani ba, don haka rukunan biyu sukan tashi kusan kunnen doki a komai, in ban da abin da ake gwadawa. Haka ake gwada sabon magani a asibiti, kuma irin wannan aiki ne ya jawo wa Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Kada a ɗora wa kwamfuta laifin ita kaɗai. Kremer da abokan aikinsa sun gwada raba littattafan karatu a makarantun yammacin Kenya, abin da kowa zai ce ba ya buƙatar gwaji. Sai ga shi ɗaliban da dama suke kan gaba ne kawai suka amfana. Littattafan da Ingilishi aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma da yawansu ba sa iya karanta su. An ba su kaya mai kyau, amma ba daidai da su ba.

Duk malamin firamare a Arewa ya san wannan matsala ba tare da an kawo masa alƙaluma ba. Ya shiga aji huɗu da manhaja a hannu, an ce wannan makon raba lamba za a koyar. A gabansa akwai yaron da ke karanta labari tiryan-tiryan, akwai mai haɗa baƙi da wasali da ƙyar, akwai kuma wanda bai bambance "b" da "d" ba, shekara ce kawai ta turo shi ajin. Malam yana bin manhaja domin ita mai duba makarantu zai tambaya. 'Yan gaba su amsa, sauran su bi da amshi, a tashi. Kowace shekara ratar sai ƙara faɗi take.

Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da wata dabara mai sauƙi wadda ake kira TaRL, wato koyar da yaro daga inda iyawarsa ta tsaya. Tela ma sai ya auna mutum kafin ya sa almakashi a yadi. Malami zai zauna da yara ɗaya bayan ɗaya na 'yan mintuna da takarda guda: ga haruffa, ga kalmomi, ga ɗan sakin layi, ga gajeren labari. Inda yaro ya cije, nan ne matakinsa. Daga nan sai a ware wani lokaci kullum a manta da batun aji uku ko aji biyar, a haɗa masu matakin harafi wuri guda, masu matakin kalma wuri guda, a koyar da su da harshen da suke ji, da wasanni da katuna da tsinkayen ƙirga. Bayan 'yan makonni a sake aunawa, wanda ya wuce ya ƙara gaba.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin wannan dabara shi ne wuraren da ta faɗi. A jihohin Bihar da Uttarakhand an horar da malaman gwamnati, an ba su kayan aiki, amma da zangon karatu ya kankama sai suka koma wa manhajarsu, ba su rarraba yaran ba. Alhali a Bihar ɗin, malaman gwamnati sun samu sakamako mai kyau a darussan lokacin hutu, inda babu manhajar da ke kansu. Ashe ba iyawa suka rasa ba, izini da sarari suka rasa. Da aka je jihar Haryana, sai gwamnati ta ware sa'a guda a jadawalin kowace rana, ta kuma sa jami'an da ke duba makarantu su fara gwada koyarwar da kansu kafin su zagaya suna taimaka wa malamai. A nan karatun yara ya ɗaga. A Uttar Pradesh kuwa, 'yan sa-kai ne suka yi darussa na kwanaki 50 jimilla, kuma adadin yaran da ke iya karanta sakin layi ko labari ya kai kusan ninki biyu na makarantun da ba a yi shirin ba.

Dabarar ta iso gida. An fara gwada ta a Borno a 2018 tare da UNICEF, sannan a 2019 aka ƙaddamar da shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na jihar Kano, da hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar da British Council.

To, ina matsayin na'ura? Tana da shi, in an sa ta aikin da ya dace da ita. A birnin Delhi an gwada wata manhajar kwamfuta mai suna Mindspark a kan ɗalibai 619, su ma ta hanyar ƙuri'a. Manhajar ba ta damu da ajin yaro ba. Tambayoyi take jefo masa har ta gano inda ya tsaya, ta lura da irin kuskuren da yake maimaitawa, ta ba shi darasin da zai warware shi. Ita ce ma ta fallasa cewa matsakaicin ɗan aji shida yana baya da kimanin aji biyu da rabi a lissafi. Cikin wata huɗu da rabi, ci gaban masu amfani da ita ya kai kamar ninki biyu na sauran. Kwamfuta ce a Peru, kwamfuta ce a Delhi. Ta Delhi aikin awo aka ba ta, aikin da malami ɗaya mai yara tamanin ba zai taɓa iya yi wa kowa kullum ba.

Sai dai kwamfuta ga kowane yaro na son kuɗi da wutar lantarki da mai gyara, kuma mun san yadda lamarin wuta yake a ƙauyukanmu. Shi ya sa gwajin da aka yi a Kisumu ta ƙasar Kenya ya fi kusa da halinmu. An raba makarantu kashi uku: wasu aka ba ɗalibai na'urar karatu, wasu aka ba malamai kwamfutar hannu, wasu kuma jami'in da ke zagayawa yana taimaka wa malamai shi kaɗai aka ba. Dukkansu suna bin tsararren darasi iri ɗaya. Karatu ya inganta a rukunan uku, kuma tsadar na'urorin ɗalibai ba ta sayo wani ƙarin kirki ba. Da Kenya ta tashi faɗaɗa wannan tsari a shirin Tusome a 2015 zuwa makarantun gwamnati sama da 20,000, jami'an ta riƙa wa na'urar. Jami'i ya shiga aji, ya saurari darasi, ya sa yara kaɗan su karanta, ya shigar da sakamako, ya zauna da malami su tattauna. Na'urar tana kuma nuna ko da gaske ya je makarantar, abin da ba kowane jami'i zai yi murna da shi ba.

A Nijar ma 'yar ƙaramar wayar hannu ta yi rawar gani. Binciken Jenny Aker a ƙauyukan Dosso da Damagaram ya nuna cewa manyan da ke ajin yaƙi da jahilci, waɗanda aka koya wa rubuta saƙo a waya, sun fi takwarorinsu maki a rubutu da lissafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: sun samu abin yi da karatun bayan an tashi daga aji.

Yanzu kuma zancen ƙirƙirarriyar basira ake yi. A 2024 Bankin Duniya ya gwada ta a birnin Benin na jihar Edo, inda ɗaliban sakandare suka yi makonni shida suna koyon Ingilishi da Microsoft Copilot bayan tashi daga makaranta, kuma rahoton ya nuna sun ci gaba sosai. A lura da sharuɗɗan: malami na tsaye a kansu yana jagorantar zaman, yaran sun riga sun iya karatu, kuma harshen da ake koyo shi ne wanda na'urar ta fi ƙwarewa a kai. Yaron aji uku a Gezawa da bai gama sanin haruffan Hausa ba bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu na ƙarshe ba, don haka hukumar da ke son saya masa irin wannan na'ura sai ta fara jefa tata ƙuri'ar a makarantunta, ta jira sakamako kafin ta sa hannu a kwangila.