Rugugin Jiragen Sama A Birnin Lome: Kukan Kurciya Jawabi Ne

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwarmu ta Kodjoviakopé, wadda ke ƙarshen yammacin birnin Lome, dab da kan iyakar Aflao ta ƙasar Gana, ya san akwai ƙara iri uku da kunne ba ya hutawa da su. Akwai rugugin teku, akwai hayaniyar 'yan zemijan masu kai fasinja bakin boda, sai kuma jiragen sama da ke ratsawa ta saman rufinmu. Biyun farko mun tashi da su tun muna yara. Na ukun ne masu sauraro suka riƙa bugo mana waya a kansa a gidan rediyonmu, har muka ga ya dace mu zauna mu bi diddigin lamarin.

Koke-koken kusan iri ɗaya ne. Malamin makarantar allo yakan dakata da biya wa yara karatu sai jirgi ya wuce. Uwa ta sha wahalar lallashin jariri, yana yin barci rugugi ya tashe shi. Dattijo mai hawan jini ya farka cikin dare, barcin bai dawo ba har kiran sallar asuba. Amma duk wanda muka tambaya ko ya taɓa kai kukansa a rubuce zuwa wata hukuma, sai ya yi dariya, ya ce wa zai saurari talaka a kan maganar jirgin sama.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa jiragen ke bi ta kanmu. Filin jirgin saman Gnassingbé Eyadéma yana Tokoin ne, a arewa maso gabashin tsakiyar gari, kuma titin sauka da tashinsa guda ɗaya ne, mai tsawon kimanin mita 3,000, ya miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. A ƙa'ida jirgi yana fuskantar iska ne wajen tashi da sauka. Tunda iskar Lome a mafi yawan watannin shekara daga teku take kaɗowa, ta kudu maso yamma, jirgin da ya tashi sai ya doshi tsakiyar gari da unguwannin ɓangarenmu, a daidai lokacin da injinansa ke aiki da ƙarfi don ya ɗaga sama. Ke nan matuƙin ba da gangan yake damunmu ba.

Lokacin da aka kafa filin, bayan gari ne. A yau gari ya zagaye shi, ga Hédzranawoé da babbar kasuwarta, ga Attiégou, ga Bè ta kudu. Zirga-zirga ma ta ƙaru. Kamfanin ASKY, wanda ya mai da Lome cibiyarsa, ya fara jigila a watan Janairun 2010, sannan aka buɗe sabon ginin karɓar fasinja a watan Afrilun 2016. Wannan ci gaba ne da 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Sin da kuma alhazanmu suke cin moriyarsa, babu mai musun haka. Sai dai kowane jirgi da ya ƙaru, maƙwabtan filin ne ke biyan wani kaso na kuɗinsa da barcinsu.

Masana kiwon lafiya ba su ɗauki wannan magana da wasa ba. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga ƙasashen Turai, inda ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar jiragen sama a unguwannin jama'a ya wuce desibel 45, da dare kuma kada ya wuce 40. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma duk ƙarin 10 da aka samu, kunnen mutum yana jin kamar ƙarar ta ninka. Hukumar ta danganta yawan ƙara da rashin barci, da matsalolin zuciya, da kuma jinkirin fahimtar karatu a wurin yara. Ashe kukan malamin allo da na dattijon nan yana da tushe.

To amma abin da ya fi tayar mana da hankali ya wuce barci. Jirgin da kake jin rugugin sa har cikin ƙirjinka, jirgi ne da ke kusa da kai, kuma sanannen abu ne a harkar jiragen sama cewa yawancin haɗurra suna aukuwa ne lokacin tashi ko sauka. Idan dai za a iya tunawa, ranar Asabar 4 ga watan Mayun 2002, da rana tsaka, wani jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC 1-11 ya tashi daga filin Malam Aminu Kano zai nufi Legas, ya zarce ƙarshen titi, ya kasa ɗagawa yadda ya kamata, ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Rahotannin farko sun ambaci mutum kusan 150, daga bisani aka tsaya a kan 103, wato 73 na cikin jirgi da 30 da ke ƙasa. Cikin waɗanda suka rasu har da Ministan Wasannin Nijeriya na lokacin, Ishaya Mark Aku. Waɗancan mutum 30 kuwa ba su sayi tikiti ba, suna cikin unguwarsu ne kamar yadda muke zaune a tamu.

Abin lura shi ne, irin wannan tsohon jirgi na BAC 1-11 yana daga cikin mafiya ƙara a zamaninsa. Daga 1 ga watan Afrilun 2002 Tarayyar Turai ta hana rukunin tsofaffin jirage masu tsananin ƙara sauka a filayenta, kuma da yawa daga cikin irinsu a Afirka suka ƙare rayuwarsu. Bayan hatsarin Gwammaja ne gwamnatin Nijeriya ta dakatar da amfani da wannan samfuri.

Ba Kano kaɗai ba ce. A maƙwabciyarmu Kwatano, ranar 25 ga Disamban 2003, wani Boeing 727 da aka yi wa lodi fiye da kima, mai zuwa Bairut, ya bugi gini a ƙarshen titi ya faɗa bakin teku, fiye da mutum 130 suka rasu. A Akara, ranar 2 ga Yunin 2012, jirgin dakon kaya ya zarce titi ya fasa shinge ya afka wa motar haya, aƙalla mutum 10 suka mutu. Washegari kuma jirgin Dana ya faɗa unguwar Iju-Ishaga a Legas da mutum 153 a cikinsa. Lome tana tsakiyar waɗannan birane. Hausawa dai sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu wa ke da alhakin me? Kamfanin SALT shi ke gudanar da filin Lome. Hukumar ANAC ita ke sa ido kan dokokin sufurin jiragen sama a Togo. ASECNA, wadda aka kafa tun 1959 kuma hedikwatarta ke Dakar, ita ke yi wa jirage jagora a sararin sama. Batun gine-gine da shara kuwa yana hannun ofisoshin magajin gari, waɗanda suka samu zaɓaɓɓun shugabanni bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2019. Haka nan ƙasar tana da babbar dokar kare muhalli ta 2008. Wanda bai san wannan rabon aiki ba, zai ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, ya dawo yana cewa an wulaƙanta shi.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta amince tun 2001 da hanyoyi huɗu na rage ƙara: a yi amfani da jirage marasa ƙara sosai, a tsara yadda ake gine-gine a kewayen fili, a gyara yadda jirgi ke tashi da sauka da hanyar da yake bi, sannan idan duk waɗannan ba su wadatar ba a taƙaita zirga-zirga. Birnin Farankfot na Jamus ya kai ga mataki na ƙarshe a 2011, inda aka hana tashi da sauka daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba. Ba mu ce a kwaikwayi Jamus ido rufe ba, domin filin Lome hanyar cin abincin dubban mutane ne. Darasin shi ne, mazauna can sun daɗe suna rubuta kokensu suna bin sa har kotu kafin a kai ga haka.

Mu ma muna da namu laifin, kuma gaskiya ɗaya ce. Bolar da muke tarawa a bakin hanya, da tumbi da hanjin da ake zubarwa a buɗe bayan yanka, musamman a kwanakin babbar sallah, su ke tara shirwa da hankaki da balbela. Tsuntsu guda idan ya shiga injin jirgi lokacin tashi yana iya kashe injin. Shi ya sa ƙa'idojin duniya ke son a sa ido kan duk abin da ke jawo tsuntsaye har tazarar kilomita 13 daga fili, kuma kusan dukkan tsohon garin Lome, har da tafkin Bè da unguwarmu, yana cikin wannan da'ira. Masu kiwo kuma su tuna da abin da ya faru a Fatakwal a watan Yulin 2005, lokacin da jirgin Air France ya afka wa garken shanu a kan titin sauka. Allah Ya kiyaye, ba a rasa ran mutum ba. Sai samarin da ke haska jirgi da fitilar leza don wasa, alhali hasken yana dashe idon matuƙi a daidai lokacin da ya fi bukatar gani.

Mun san dalilin da ya sa dattawanmu ke ɗari-ɗari da irin wannan magana. Ba su manta da 1977 ba, lokacin da aka rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka mai da jama'a can arewa, kimanin kilomita 15, inda ake kira Agoè-Zongo a yau. Wasu na tsoron cewa duk wanda ya ɗaga murya a kan hatsari, amsar da zai samu ita ce katafila. Wannan tsoro abin fahimta ne, musamman ga 'yan'uwanmu da ke zaune jikin katangar filin. Amma shiru bai taɓa hana rusau ba, kuma jama'ar da ke da takardu a hannu, wadda hukuma ta saba zama da ita, ta fi samun bakin magana ranar da za a yanke shawara a kanta.

Don haka shawararmu ga mazauna ita ce, kowane layi ya sami littafi guda. Duk jirgin da ƙararsa ta wuce yadda aka saba, ko aka ga ya yi ƙasa-ƙasa fiye da kima, a rubuta rana da ƙarfe nawa da ɓangaren da ya nufa. Da rana da lokaci ne masu hasumiyar filin za su iya gane wane jirgi ne, kuma ko ya bi hanyar da aka ba shi. A ƙarshen wata a miƙa wa sarkin unguwa da kwamitin raya unguwa, wato CDQ, su rubuta takarda guda da Faransanci zuwa ga hukumomin da muka ambata, a karɓi hatimin shaidar isarwa. Limamai su taimaka da faɗakarwa kan shara da yanka. Mai shirin ɗora bene ko kafa dogon ƙarfen eriya a kusa da filin, ya nemi izini kafin ya sayi siminti.

Ga hukumomi kuma, roƙonmu kaɗan ne: lambar waya guda da aka sanar da kowa don karɓar koke, da na'urorin auna ƙara a unguwannin da ke ƙarƙashin hanyar jirage, da zama da wakilan jama'a ko da sau biyu ne a shekara, da kuma shigar da maƙwabta cikin atisayen agajin gaggawa, tunda a irin waɗannan haɗurra mutanen unguwa ne ke fara isa wurin kafin motar kashe gobara.

Mu a gidan rediyo mun buɗe namu littafin, kuma za mu riƙa karanta abin da aka tara a shirinmu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Gwammaja da sauran wurare, Ya tsare matafiya da mu da muke ƙasa, amin.