Ɗakwara a Kuberi: Tudu Take So, Ba Fadama Ba

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, kasuwar ƙaro ta duniya ta rikice, domin ƙasar ce ke fitar da kaso mafi tsoka, kuma kamfanonin lemon kwalba da alewa da magunguna ba sa iya yi sai da shi. Ƙaron da malamanmu ke sa wa tawada shi ne dai Turai ke saye da tsada. Don haka manoman Kuberi da kewayen Jega, Aliero da Maiyama suna da dalilin waiwayar ɗakwara, musamman da yake jiharsu ta Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa na Tarayyar Afirka ya shafa a Najeriya. Sai dai wanda ya dasa ta a inda bai dace ba zai yi kiwon ƙaya ne kawai.

Ɗakwara tana zubar da ƙaro ne idan zafi da ƙishirwa sun matsa mata. A ƙasa mai laima sai ta yi ganye shar, ƙaron kuwa kaɗan. Fadamar albasa a bar wa albasa. Gurbin ɗakwara shi ne jigawa, da tudun da ya gaji, da bakin iyaka. A kuma duba dashe kafin a biya kuɗi, don ana iya haɗa ɗakwara da dushe, wanda ƙaronsa bai kai nata daraja ba. Ƙayar ɗakwara uku-uku take fitowa, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa kamar ƙugiya, biyun gefe suna kallon sama, alhali ta dushe doguwa ce, fara, miƙaƙƙiya.

Wani zai ce talaka ba ya iya jiran shekara huɗu zuwa biyar kafin ya ga kwabo. Gaskiya ne, amma ba a ce a bar gonar fayau ba. Gero da wake da gyaɗa suna yi a tsakanin layuka tun itacen yana ƙarami, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Abin tsoron ya fi yawa wajen awaki, da gobarar daji, da zalamar mai ita. Sai damina ta ɗauke, ganye ya fara zuba, sannan a ɓare siririn ɓawo daga reshe ba tare da an taɓa itacen ciki ba, a jira mako huɗu zuwa shida. Sara mai zurfi kashe reshen yake yi. Idan an tsinko ƙaron, a shanya a inuwa kan tabarma, a ware na ɗakwara daban, domin buhun da aka gauraya ko ya sha yashi farashin na baya dillali zai saka masa.