Idan Tsohon Injin Yankan Itace Ya Ƙi Tashi

Da zarar iskar farkon damina ta fara kayar da itatuwa a kan hanyoyi da rufin ɗakuna, sai a shiga neman mai injin yankan itace. A lokacin ne kuwa injin da aka jingine a lungu tun kaka yakan ƙi tashi. A yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, ga aiki yana jira, ga iyali suna sa ran abin da za a samo.

Yawancin tsofaffin injunan da muke gani a hannun masu tsaga katako ƙirar kamfanin Stihl ne na Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926, musamman babban nan mai lamba 070. Injin yana da jimiri ƙwarai. Galibi idan ya ƙi tashi ba mutuwa ya yi ba, wani ƙaramin abu ne ya tare shi, kuma sau da yawa mai ne.

Wannan inji ba shi da ma'ajiyar baƙin mai dabam kamar mota. Man da ake haɗawa da fetur shi kaɗai ke shafe fistin. Kamfanin ya ce idan da mansa ne, a sa kashi 1 cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 100 a lita 5. Haɗin kuma kada ya wuce kwana 30 a ajiye, gama fetur yakan sha iska, ya bar danƙo da ke toshe ƙananan hanyoyin kafireta. Saboda haka kafin a taɓa sukundireba, a zubar da tsohon man, a zuba sabo. Wasu, domin tsadar fetur tun da aka janye tallafi a 2023, suna jin ciwon zubar da rabin tanki. Muna gane damuwarsu, amma rabin tanki bai kai kuɗin kafireta ba. A kuma yi hattara da man bakin titi da aka surka da kananzir. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata injuna.

Bayan mai, sai fulogi. A kwance shi a duba. Idan ya jiƙe sharkaf, mai ne ya yi wa injin yawa, galibi domin an yi ta ja da cok a rufe bayan injin ya riga ya yi tarin farko. A kashe makunni, a buɗe cok, a ja igiya sau da dama ba fulogi, a busar da shi a mayar. Tazarar bakinsa rabin milimita ce. Launinsa ma yana ba da labari: ruwan ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai kunkunniya yana nufin mai ya yi yawa ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, fari fat kuwa yana nufin mai ba ya isa. Mai gwada wuta ya jingina fulogin da ƙarfen injin nesa da raminsa, domin tururin fetur yana kamawa.

Idan fulogin a bushe yake bayan an ja da yawa, to mai ba ya zuwa. A lanƙwasa waya a zaro tiyon da ke cikin tanki, a duba matatar da ke bakinsa. Tsohon tiyo yakan tsage ko ya yi laushi ya manne. Injin da ke tashi ya yi aiki kaɗan ya mutu, a sassauta murfin tanki. Idan an ji iska ta shiga, sa'an nan ya sāke tashi, to kafar numfashin tankin ce ta toshe.

A cikin kafireta akwai wata siririyar fatar roba da ke turo mai. Idan injin ya daɗe a ajiye takan bushe ta ƙandare, canja ta kuma ba shi da tsada. Abin da ba mu so shi ne yadda wasu ke murɗa kusoshin nan biyu masu alamar H da L da ka. Idan aka matse H, injin zai yi ƙara mai daɗin ji, mai shi ya ɗauka ƙarfi ya ƙaru, alhali an rage man da ke sanyaya fistin ne. Cikin ɗan lokaci sai ya kama, a shiga sayen fistin da silinda. Haka nan injin da ke gudu shi kaɗai, sarƙa tana juyawa ba a taɓa shi ba, ko yana canja murya idan an karkata shi: wataƙila yana shan iska ta wata roba da ta ci. A kashe shi a kai wa bakanike.

'Yan'uwa, a daina tayar da inji a sama, hannu ɗaya riƙe da shi ɗaya yana jan igiya. Yawancin tsofaffin nan ba su da birkin sarƙa. A ajiye shi a ƙasa, a taka mariƙin baya da ƙafa, yara su ja da baya, a kuma matsa aƙalla mita 3 daga inda aka zuba mai.

Ranar da aiki ya ƙare za a ajiye shi na watanni, a juye tanki, a tayar da injin a bar shi har ya shanye abin da ya rage a kafireta ya mutu da kansa.