Masu Sayar da Kaya a Intanet: Jarin da Ke Bakin Kwastoma

A Kantin Kwari da ke Kano akwai wani irin mai saye da 'yan kasuwa suka saba da shi a 'yan shekarun nan. Ba ya shigowa da jakar kuɗi, ba ya kuma fita da dila. Sai ya tsaya a bakin shago, ya ce a warware masa turmin atamfa ko yadin shadda, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto da bidiyo, ya yi godiya ya wuce shago na gaba. Kafin la'asar hotunan sun hau Instagram da WhatsApp, da ɗan abin da ya ɗora a kan kuɗin. Idan wata a Gombe ko Abuja ta ga wanda ya yi mata, ta tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, a lokacin ne zai koma ya biya mai shago, ya ƙulle kayan a leda, ya rubuta lambar waya a jiki, ya nufi tasha, Unguwa Uku ko Na'ibawa, ya danƙa wa direba.

Da yawa daga masu wannan sana'a mata ne, kuma wasu ko Kwarin ba sa zuwa. Daga cikin ɗaki suke sayar da abaya da mayafi, turaren wuta da humra, yaji da dambun nama, kayan kicin da gwanjo. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun a 1969 Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kan irin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, wanda idon baƙo ba ya gani. A da yarinya ce ke ɗaukar talla, dillaliya kuma ta shiga gida-gida da ƙullin zannuwa. Yanzu waya ta karɓi tallar. Amma aikin dillaliya bai tsaya ga ɗaukar kaya ba. Ita ce ta san mai kaya, ta san mai saye, idan zane ya zuba an san ƙofar gidan da za a je. Wannan ɓangaren ne waya ta kasa ɗauka.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to a wannan kasuwa babu ganin. Mai saye ba za ta murza yadi ta ji laushinsa ba, ba za ta shinshina turare ba, kuma ana so ta fara tura kuɗi ga wadda ba ta taɓa sani ba. Abin da ya rage mata shi ne ta ji daga bakin waɗanda suka riga ta saye. Shi ya sa shaidar kwastoma ta zama jarin ƙaramin ɗan kasuwa a intanet, har ta fi kayan da ke hannunsa, tunda sau da yawa kayan ma ba nasa ba ne.

Shaidar iri biyu ce. Iri na farko, a manyan dandali irin su Jumia da Konga, waɗanda duka aka kafa a Legas a 2012, mai saye yana ba da tauraro daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta abin da ya gani. Jumia tana haɗa wannan da yawan odar da mai sayarwa ya soke da yawan kayan da aka dawo masa da su, ta fitar masa da maki da kowa zai gani a gefen sunan shagonsa. Tsarin ya samo asali ne daga Amurka. A 1996 Pierre Omidyar, wanda ya kafa eBay, ya buɗe wurin da mai saye da mai sayarwa za su riƙa yi wa juna shaida, don mutanen da ba su san juna ba su iya ciniki. A 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa yi wa masu saye mummunar shaida, saboda tsoron ramuwa na sa masu saye su ƙi faɗin gaskiya. Dalilin yana da ƙarfi, amma tun daga nan alƙalami ya koma hannu guda, kuma haka yawancin dandali suka tafi.

Mai shago babba ba ya jin nauyin wannan alƙalami kamar yadda ƙarami ke ji. Lissafin a fili yake. Wanda mutum huɗu suka ba tauraro biyar-biyar, idan na biyar ya ba shi ɗaya, makinsa ya faɗo zuwa 4.2 nan take. Wanda yake da shaidar mutum dubu, ko goma sun fusata ba za a gane ba. Wani malami a jami'ar Harvard, Michael Luca, ya duba gidajen abinci na birnin Seattle da makin da ake ba su a dandalin Yelp, ya fitar da sakamako a 2011: ƙarin tauraro ɗaya na kawo ƙarin ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, wannan ya shafi masu gidan abinci na ƙashin kansu ne kawai. Manyan kamfanoni masu rassa, waɗanda sunansu ya riga ya shiga kunnen kowa, tauraro bai taɓa cinikinsu ba. Seattle ba Kano ba ce, amma dalilin ɗaya ne: wanda ba a sani ba shi ake tambaya a kansa.

Iri na biyu shi ne wanda mutanenmu suka fi amfani da shi, kuma ba shi da tauraro ko ɗaya. Hoton hira ne. Kwastoma ta rubuto, "Hajiya kaya sun iso, wallahi sun fi hoton kyau, Allah ya ƙara kasuwa," sai mai kaya ta ɗauki hoton saƙon ta ɗora a shafinta, ta jera shi da 'yan uwansa a wurin da baƙuwa za ta fara dubawa. Samun wannan saƙo aiki ne mai zaman kansa. Wadda ta ji daɗin kaya sau da yawa shiru take yi, ko ta yi addu'a ta saƙon murya ta ce kar a saka. Wata kunya ce ke hana ta, wata kuwa ba ta son ƙawaye da dangin miji su san inda take sayen lesinta, balle nawa ta saya. Sai mai kaya ta bi ta da lallami: "Anti, don Allah idan kin gwada ki ɗan faɗa mana yadda kika gani." Wadda ranta ya ɓaci kuwa ba ta jiran a roƙe ta. Kafin a ba ta haƙuri ta haɗa hoto biyu, abin da ta yi oda da abin da aka kawo mata, ta watsa a Facebook.

Wani lokacin tana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Akwai masu ɗora hoton shadda mai tsada su aika da mai arha, akwai masu karɓar kuɗi su toshe lamba, kuma ba don tsoron tonon asiri ba da ɓarnar ta fi haka. Shaida ce kuma ta sa yarinyar da ba ta da shago, ba ta gaji kasuwanci ba, take samun oda daga garin da ba ta taɓa takawa ba. Ban ga dalilin da zai sa mai gaskiya ya so a rufe wannan ƙofa ba.

Sai dai ku duba abin da ake yawan ƙorafi a kai. Kaya sun yi kwana uku a hanya, alhali motar ce ta lalace ko direban ya ajiye su a tasha ya kashe waya. Kwalbar humra ta fashe, domin yaron mota ya ɗora mata buhu. Kalar ba ita ba ce, saboda an ɗauki hoton a ƙarƙashin fitilar shago, mai saye kuma ta gani a wayar da ke ƙara wa komai haske. Turaren bai yi mata ƙamshi ba, wanda wannan hancin kowa da irin nasa. Kuɗin mota ya yi yawa, kamar mai atamfa ce ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Duk wannan a kan sunan mutum ɗaya yake sauka. Direba ba shi da shafi, tasha ba ta da tauraro.

Daga nan ne wasu masu saye suka gane cewa makami ne a hannunsu. An sa riga an je biki, an dawo an ce ba ta yi ba, "ki dawo min da kuɗina ko in watsa ki." Mai kaya ta san gaskiyarta, amma ta san kuma ribar da ke kan rigar ba ta kai asarar da rubutu ɗaya zai jawo mata ba, sai ta biya. Babban kamfani ba haka yake yi ba. A 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwanin wani kamfani ya cika zaƙi, aka kai ƙararta, 'yan sanda suka kama ta, maganar ta kai kotu a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Mutane da yawa sun ga zalunci a wannan, ni ma haka na gani. Amma ya nuna tazarar: mai ƙarfi yana da lauya, mai sayar da yaji kuwa sai ba da haƙuri.

Inda shaida ta zama kuɗi, dole a samu ta jabu. Hoton hirar da aka goge sunan mai shi don sakaya, duk mai waya biyu zai iya ƙirƙirarsa cikin minti biyar. Akwai masu sa 'yan uwa su yi yabo, akwai masu biyan fitattun fuskoki su ce sun gwada kayan da ko buɗe su ba su yi ba. Mafi muni su ne 'yan damfarar da ke kwashe hotuna da shaidun mai gaskiya, su buɗe shafi mai kama da nata da bambancin harafi ɗaya, su karɓi kuɗin mutane, zagin kuma ya dawo kanta. Manyan ma fama suke. Amazon ta hana ba da kaya kyauta don a yi yabo tun 2016, a 2021 kuma ta kori kamfanonin Chaina kusan 600 saboda sayen shaida. A 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa dokar cin tarar masu saye da sayar da shaidar ƙarya. Mu ma muna da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, amma rigimar turmi ɗaya tsakanin Kano da Gombe ba kasafai take isa teburinta ba.

Abin da na fi ganin wannan sana'a ta rasa shi ne wurin sulhu. A Kwari ko kasuwar Sabon Gari, idan ciniki ya ɓaci akwai maƙwabcin shago, akwai dattijon layi, akwai ƙungiyar 'yan kasuwa. A zauna, a ji ta bakin kowa, a ce wane ka rage, wane ka yi haƙuri, bayan wata guda an manta. A intanet babu mai jin ɓangare biyu, kuma rubutun yana nan bayan shekara uku, ko da an canza kaya an yafe wa juna. Wani abin kuma, sunan da aka sha wahala aka gina ba a hannun mai shi yake ba. Idan aka sace shafi ko Instagram ta rufe shi, shaidar shekaru ta tafi. Da Jumia ta tattara ta bar Kamaru a ƙarshen 2019, duk makin da masu sayarwa suka tara a can ba shi da wata kasuwar da za a kai shi.

Waɗanda suka daɗe a harkar sun koyi zama da wannan. Suna ɗaukar bidiyon yadi a hasken rana, su faɗi tsawo da faɗi da awo, su sake ɗaukar wani bidiyon lokacin da ake ƙulle kaya, su tura lambar direba tun kafin mota ta tashi. Wasu sukan jefa ɗan kyauta a cikin leda, ko turare ko ɗan kunne, don bakin kwastoma ya buɗe. Suna adana lambobin masu saye a wani wuri daban, saboda ranar da shafi zai ɓace. Sannan sukan ware wani abu don rigimar da suka san tana tafe: kuɗin canza kaya, kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin da za a mayar wa wadda ba ta da gaskiya don dai ta yi shiru. Wannan asara ba ta da inda za ta fito sai cikin farashi, saboda haka Hajiyar da ta karɓi atamfarta ta yi addu'a ba ta rubuta komai ba, ita ma ta biya nata kason tun lokacin da ta tura kuɗi.