'Yan Matan Kamaru a Gaborone da Rigimar Sanduna Uku

A nan Mora, in an ce wasa, ƙwallon ƙafa ake nufi; yaro kan san Coton Sport ta Garwa tun kafin ya iya ƙidaya. Shi ya sa da yawa daga cikin masu karatunmu ba su da labarin cewa Kamaru na buga kurket, wasan da Turawan Ingila suka baza a ƙasashen da suka mallaka, kuma tun 2007 aka karɓe ta cikin hukumar wasan ta duniya, ICC.

A watan Satumba na 2021 ƙungiyar 'yan matanmu ta tafi Gaborone, babban birnin Botswana, domin gasar Afirka ta neman shiga kofin duniya. An haɗa su rukuni ɗaya da Namibiya, Yuganda, Nijeriya da Saliyo, kuma a duka wasanni huɗun suka sha kashi. Ranar 12 ga wata Yuganda ta ci maki 190, namu suka tsaya a 35. Amma abin da duniya ta riƙe daga wannan rana shi ne aikin Maeva Douma, yarinya 'yar shekara 16.

Ga yadda abin yake. Masu bugu biyu ne a fili, kowane a gefensa, kusa da sanduna uku da aka kafa. Wanda ba shi ake jefa wa ƙwallo ba dole ya tsaya bayan layi har ƙwallon ta bar hannun mai jifa. In ya yi gaggawa ya fita, ya saci taku ke nan, kuma mai jifa na da ikon taɓa sandunan da ƙwallo, a fitar da shi. Sau huɗu Maeva ta yi haka a wasa ɗaya. Nan take masu sharhi suka rabu biyu: wasu suka ce rashin dattako ne, wasu suka ce doka ta bi.

Rigimar ta girme ta ƙwarai. A ziyarar da Indiya ta kai Ostireliya a 1947, Vinoo Mankad ya fitar da Bill Brown ta wannan hanya a birnin Sidni, alhali ya taɓa yi masa gargaɗi a wani wasa can baya. Tun daga nan sunan Mankad ya manne wa dabarar, kamar wani tabo.

A ganina, an ɗora laifi inda bai dace ba. Wadda ta bar layinta ita ce ta nemi ribar da ba tata ba, kuma in uku sun faɗa rami ɗaya a gabanka, ta huɗu ba ta da hujja. Masu rubuta dokokin wasan a Landan su ma sun cire wannan fitarwa daga babin wasan da bai dace ba, suka mayar da ita cikin fitarwa ta yau da kullum. Gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2022, shekara ɗaya da 'yan makonni bayan wasan Gaborone.