Muryar da Kaka Ke Rage wa Sauti

A ƙauyenmu na Jazira, kusa da Wad Madani, kakata tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ɗaure mini kai. Duk sa'ad da Rediyon Omdurman ya sako wata tsohuwar muryar mace bisa kiɗan tumtum, sai ta ajiye abin da take yi, ta rage sauti, ta kara kunne a jikin akwatin. In waƙar ta ƙare ta ce, "'Yarmu ce." Alhali Larabci tsantsa na ji ana rerawa. Ta ina ta zama tamu? In kuma tamu ce, ɓoyon na mene ne?

Sunan na fara samu, a bakin wata mai shayi a kasuwar Madani: A'isha al-Falatiya. Bai warware mini komai ba. A Sudan, Bafulatani da Bahaushe da Babarbare duk Fallata ake ce mana, sau da yawa ma da raini.

Wani dattijo mutumin garin Mai Wurno ne ya buɗe ƙofa ta biyu. Na kunna masa kaset, ya saurara ido a rufe, sannan ya ce, "Yaro, ji yadda take fitar da harafi. Wannan bakin ya sha allo." Na bi diddigi, na tarar bai kuskure ba. Sunanta A'isha Musa Ahmad, a Kassala aka haife ta. Mahaifinta malami ne Bafulatani, mahaifiyarta Bahaushiya, daga Sakkwato suka taso a kan hanyar aikin hajji, Sudan ta riƙe su. Hanyar ce ta kawo mutanen Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, ita ce kuma ta zube kakanninmu a gonakin auduga bayan an gama madatsar Sennar a 1925. A makarantar allon mahaifinta, a Omdurman, ta yi karatun Alƙur'ani. Ashe "'yarmu" ba ƙari a ciki.

Saura ɓoyon. 'Yar malam ta kama waƙa a gidajen biki tun tana yarinya. Uban ya ƙi, ya yi mata aure don ta daina; auren ya mutu, waƙar ba ta mutu ba. Ta je Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifai, ta yi wa sojojin Sudan waƙa a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 ta zama mace ta farko da ta rera a rediyon Sudan, ƙanwarta Jidawiyya na kaɗa mata udu, wasu mawaƙa maza kuwa suka ƙaurace wa gidan rediyon saboda ita. Kafin ta rasu a 1974 ta bar waƙoƙi sama da 150. Ina ganin har yau Hausawa ba mu ba ta haƙƙinta ba.

Da na kwashe duk wannan na kai wa Kaka, ina jin na zo da sabon labari, sai ta yi murmushi.

"Ai mun sani, ɗan nan. Ina amarya, surukina ya hana a saurare ta a gidansa, wai 'yar malam ta zubar da mutuncin allo. Sai mu taru a ɗakin uwargida, mu rage sauti, mu sa yarinya gadin ƙofa."

"To Kaka, yanzu wa zai hana ki?"

Ta dubi hannunta a kan rediyon. "Ba kowa. Da ƙarfi ne ban san muryar ba."