Amfanin Koyon Sifaniyanci Ga Ɗalibai

'Yan'uwana ɗalibai, ran nan muna hira bayan la'asar sai na ce ina sha'awar koyon Sifaniyanci, watau harshen mutanen Sifaniya. Wani abokina ya yi dariya, ya ce me ya haɗa mutumin Suleja da wannan harshe, ban da kallon ƙwallon Madrid da Barcelona? Tun da yake na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba, shi ya sa na ga ya kamata in bayyana dalilina.

Da farko dai harshen nan ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda muke zato. Musulmi sun shiga ƙasar Sifaniya, wadda malamanmu ke kira Andalus, a shekarar 711, mulkinsu kuwa bai ƙare ba sai 1492, sa'ad da birnin Garnaɗa ya faɗi. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda ake rerawa a zaurukanmu, haifaffen birnin Ƙurɗuba ne. Ibn Malik mai Alfiyya shi ma a Andalus aka haife shi. Wannan dogon zama ya bar dubban kalmomin Larabci cikin Sifaniyanci, waɗansunsu kuwa mu ma mun aro su. Abin da muke ce wa sukari su suna cewa azúcar, zaitun kuma aceituna. Magajin gari suna kiransa alcalde, tushenta ɗaya da alƙali namu.

Na biyu, yana da sauƙin kamawa ga Bahaushe. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, ana furta su kusan yadda muke furta namu. Galibi yadda aka rubuta kalma haka ake karanta ta, ba kamar Ingilishi ba, da ya wahalshe mu tun muna firamare. Kowane suna nasu ko namiji ne ko mace, yawancin na mata kuwa da "a" suke ƙarewa, kamar dai riga da hula da gona. Bature ɗan Ingila ya kan sha wuya a nan, mu kuwa da abin muka tashi. Amma kada in ruɗe ku, aikatau nasu yana da sauye-sauye da yawa, sai an yi haƙuri an haddace.

Na uku, akwai abinci a cikinsa. Mutum wajen miliyan 500 ne suka tashi da shi tun daga nonon uwa, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, yawancinsu a nahiyar Amurka. Yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ko a Afirka akwai Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai daga Sifaniya a 1968. Tsibirinta na Bioko, da a da ake kira Fernando Po, 'yan Nijeriya da yawa sun yi ƙwadago a gonakin kokonsa.

To, mu dubi inda muke zaune. Garin nan namu shi ne Abuja ta asali, shi ya ba sabon babban birni sunansa. Tun da gwamnati ta ƙaura daga Ikko a 1991, ofisoshin jakadancin ƙasashen duniya suka dawo bayan Dutsen Zuma, har da na Sifaniya da Meksiko da Kuba. Irin waɗannan wurare ba su rasa bukatar tafinta da magatakarda. In ba mu shirya kanmu ba, sai mu zama 'yan kallo a ƙofar gidanmu.

Ban ce a yar da Larabci ko Faransanci ba, domin ɗaya na addini ne, ɗaya na maƙwabta. Abin da na ce shi ne, mu da za mu zama malamai gobe, iyakar abin da muka sani shi ne iyakar abin da za mu ba yara. Ni dai na yanka wa kaina kalma biyar kowace rana, ina sauraron darasi a wayata bayan isha'i. Wanda ke so ya zo mu haɗu, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.